Ni ce lauyarta, kuma ni ce shaidar da take nema

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure, iyaye da yayye da ƙanne. Admin don Allah a sakaya sunana. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, wani lokaci har in sa baki ta fuskar doka, ban taɓa zaton zan kawo tawa ba. Shawararku nake roƙo don girman Allah, ku daure ku karanta har ƙarshe. Sunayen da zan ambata duk na canza su, da wasu abubuwa da za su sa a gane mu, kuma wadda maganar ta shafa na nemi izininta kafin in rubuto, ta ce in rubuta.

Ni lauya ce. Bayan na gama karatu na yi aiki a wani ofishin lauyoyi a Kaduna, sai aure ya dawo da ni Kankia inda mijina yake aiki, gidan iyayena kuma yana Kusada, ba nisa. Duk wanda ya san yankinmu ya san ba wurin da mace za ta buɗe ofishin lauya ta zauna jiran mutane ba ne, rigimar gona ko ta aure a zauren mai unguwa ake kashe ta, in ta gagara a wuce wurin alƙali, kuma da wuya ka ga an ɗauki lauya. Don haka na mayar da aikina gaba ɗaya kan waya da kwamfuta. Na buɗe shafi da sunan ofishi, ba hotona ba cikakken sunana, na sayi layi daban na aiki, mijina ya sa mini sola a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofa, nan ne netwok ya fi kamawa. Ina yi wa mutane rajistar kamfani, ina rubuta yarjejeniyar haya da ta cinikin fili, ina ba da shawara kan gado da aure da rigimar wurin aiki. In abu ya kai ga tsayawa gaban kotu sai in haɗa mutum da wani abokin karatuna a garin da yake. Ni kaɗai ce, ba sakatare ba mataimaki. Yawancin waɗanda nake wa aiki ban taɓa ganin fuskarsu ba, suna Abuja, suna Legas, wasu ma suna ƙasar waje. A gida kuwa in an tambayi aikina sai a ce ai tana danne-dannen waya ne.

Alhamdulillah aikin ya karɓe ni, amma akwai abin da ya yi mini wanda ban lura ba sai a hankali. In ka wuni kana karanta bala'in mutane a rubuce, ba ka ganin idon kowa, ba wanda ya zauna gabanka ka miƙa masa ruwa, sai abin ya daina taɓa ka. Na taɓa amsa wa wata mata da mijinta ya rasu dangi suka kore ta daga gida, hannu ɗaya ina rubutu, ɗaya ina juya miyar kuka, ban ji komai ba. Ina da amsoshin da na ajiye, in matsala ta zo sai in ɗauko wadda ta dace in gyara suna in tura. Mijina ya taɓa ce mini na koma kamar injin niƙa, a zuba miki a kwashe. Na yi dariya don ya ji daɗi, amma ko haushi ban ji ba.

Bayan girbin gero na bana wani saƙo ya shigo layin aikina daga lambar da ban sani ba. Mata irin na ƙauye yawanci saƙon murya suke turowa, ita wannan rubutu take yi, gajeru, da kurakurai, kuma sai ta yi kwanaki ba ta kan layi. Ta ce mijinta ya sake ta sau uku a tsawon zamansu, shi kuma ya ce biyu ne. Na farko tun tana goyon ɗiyarta ta fari, a takarda ya ba ta, kowa ya sani, aka yi biko ta dawo. Na ƙarshe kwanan nan ne, yaronsu ya yi zazzaɓi mai zafi ta kai shi asibiti ba ta jira shi ba don wayarsa a kashe take, da ya dawo ya furta a gaban maƙwabcin da ya kai su a babur, don haka ba shi da halin musu. Na tsakiyan ne rigimar. Ita ta ce ya faɗa ƙarara, shi ya ce tafi gidanku kawai ya ce cikin fushi, bai yi niyyar saki ba. Yanzu ya ce ya mayar da ita, ita kuma ta kasa yarda ta koma ɗakinsa.

Na amsa mata yadda nake amsa wa kowa. Na ce ɓangaren addini ta samu malamin da ta amince da shi, ɓangaren shari'a kuma kotun Musulunci ce ke da hurumi, alƙali zai tambayi shaidu, in babu maganar mijin ce za ta fi ƙarfi, ana iya kai wa ga ba shi rantsuwa. Ta ce ba za ta iya zuwa wurin malami ba, don mijin nata shi ne malamin unguwarsu, shi ke riƙe da Islamiyyar da mahaifinsa ya bari. Ko a nan ban kawo komai a raina ba, gidajen malamai nawa ne a ƙasar Katsina. Na tambaye ta ko akwai wanda ya ji na tsakiyan. Sai bayan kwana biyu ta amsa, ta ce akwai mutum ɗaya, ƙanwarsa, ranar babbar Sallah ce, tana suyar nama a madafa kusa da tagar ɗakinsu. Na rubuta mata, to wannan ƙanwar tasa za ta yarda ta ba da shaida? Ta ce ban sani ba, ita nake son tambaya.

Na karanta, na sake karantawa. Na tuna Sallar, lokacin ina Kaduna ban yi aure ba, na zo gida hutu. Na tuna kaskon suya, da hayaƙin da ke shiga idona, da muryar Yayana daga cikin ɗaki yana faɗa kan matarsa ta ce za ta kai wa iyayenta nama garinsu Dudunni ranar, ga baƙi cike da gida. Na ji shi da kunnena ya kira sunanta ya ce na sake ki saki ɗaya. Ta fito idonta ja, ta karɓi cokalin suyar daga hannuna ta ci gaba da juya naman. Kafin magariba na gan su suna magana a hankali a bayan rumbu, washegari shi da kansa ya kai ta Dudunni. Na ɗauka ya wuce, kuma ya wuce ɗin, tunda ya mayar da ita cikin idda.

Jama'a abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da na yi bayan na gane. Na kife wayar, na ci gaba da yarjejeniyar hayar shago da nake rubuta wa wani mutumin Abuja, na gama, na duba kurakurai, na tura masa, na tashi na ɗora girki. Ban yi kuka ba, gabana bai faɗi ba. Kamar an ce mini za a yi ruwa gobe.

Bari in gaya muku waye Yayana, zan kira shi Yaya Sani. Lokacin da na ce doka nake son karanta, kawunnanmu suka taru suka ce ɗiyar malam ba ta zama lauya, aikin ƙarya ne da kare marar gaskiya. Yaya Sani ne ya zauna da Malam mahaifinmu ya yi ta lallashinsa har ya amince, shi ya riƙa kawo ni Kankia a babur in hau mota, cikin damina hanya duk taɓo. Ranar da aka rantsar da mu a matsayin lauyoyi shi kaɗai ya zo daga gida, Malam ya riga ya rasu. Tun rasuwar shi ke riƙe da Innarmu, shi ke noma gonar gida, shi ke karantar da yara safe da yamma. Ba mashayi ba ne, ba mai duka ba ne, aibinsa ɗaya, in ya yi fushi bakinsa yana riga hankalinsa, bayan ɗan lokaci kuma ya dawo yana ba da haƙuri. Matarsa, zan kira ta Anti Hajara, ta shigo gidanmu ina 'yar sakandare, ita ta yi mini kitson aurena, ita ta zauna da ni da na haihu. 'Ya'yansu huɗu.

Ranar Juma'a na shirya na tafi Kusada da sunan duba Inna, don ƙafarta na ciwo tun damina. Na tarar Anti Hajara ta kwaso shimfiɗarta ta dawo ɗakin Inna, wai don ta riƙa kama ta in za ta fita alwala. Inna sai sa mata albarka take, ba ta san dalili ba, ita a saninta saki biyu ne kuma an daidaita. Da maza suka tafi masallaci na same ta a madafa tana tsince wake, na zauna kusa da ita na sa hannu a tiren.

Na ce, "Anti, tun farko kin san ni ce?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na sani. Na ga sunan ofishin a bayan kwamfutarki lokacin da na zo miki jego. Layin ƙanwata na ara."

Na ce, "To mi ya hana ki faɗa mini baki da baki?"

Ta ce, "In na faɗa miki a nan ƙanwar miji ce za ta ji. Can kuwa lauya ce. Na so in ji abin da za ki ce wa wadda ba ki sani ba."

Ta ture tsakuwar da ta tsinto gefe, ta ce, "Ni fa ba tahiya nike so in yi ba, ki gane. Ina zan kai ɗiya huɗu? Babanmu yana kwance a Dudunni, in na je haƙuri zai ce in yi. Kuma Yayanki bai taɓa bari na da yunwa ba. Amma ba na iya kwana ɗakin namiji ina tunanin ba mijina ba ne, in tashi in fuskanci alƙibla." Sai ta ɗago ta dube ni. "Shekaru sun ja, ya yi ta ce mini kunnena ne, har na fara kokwanto. Ke kaɗai kike wurin. Mi kika ji? In kin ce ba ki ji ya ce saki ba, wallahi zan naɗe tabarmata in koma ɗakina, in ce ni ce na ruɗe."

Na ce mata ta ba ni lokaci. Abin da na iya faɗa ke nan, ni da nake amsa wa mutane cikin minti kaɗan. Da zan tafi Yaya Sani ya ɗaura mini wake da gyaɗa a bayan babur ɗin da zai kai ni tasha, yana tambayata ya netwok, ya masu ba ni aiki.

Da na dawo na yi abin da ƙa'idar aikinmu ta ce. Na rubuta wa Anti Hajara cewa ba zan iya zama lauyarta ba, ni 'yar'uwar mijin ce kuma ni ce shaida, na ce zan haɗa ta da wata ƙawata lauya a Katsina, mace mai riƙon amana. Ta ce a'a, ba za ta sake buɗe cikinta ga wani ba, kuma ita ba kotu take nema ba, amsa ɗaya take nema. Sai na ga duk abin da na iya, in tura mutum wurin wani, in rubuta a taƙaice in rufe fayil, ba ya aiki a nan.

Bayan 'yan kwanaki Yaya Sani ya zo Kankia da kansa, ashe Anti Hajara ta gaya masa ni na ji. Bai taɓa shiga ɗakin aikina ba sai ranar. Ya zauna a kujerar roba, ya dubi littattafan doka da baƙar rigar kotu da ke rataye cikin leda, wadda rabona da sa ta tun Kaduna. Bai ɗaga murya ba. Da farko ya ce bai faɗa ba sam. Daga baya sai ya ce ko da ya faɗa fushi ne ya rufe masa ido, bai san abin da ke fita bakinsa ba, kuma akwai maganganun malamai a kan irin wannan. Na ce to mu je wurin wani babban malami a Katsina wanda bai san mu ba, kowa ya faɗi abin da ya sani, abin da ya yanke mu bi. Ya ce shi da yake warware wa mutane irin wannan ba zai je ya zauna a tabarmar wani ana tambayarsa ba, kuma magana in ta fita ba ta tsayawa, iyaye za su kwashe 'ya'yansu daga makarantar Malam, a ce malamin da bai san lissafin sakinsa ba. Ya kawo maganar Inna da hawan jininta. Ya kawo maganar ƙaramar 'yarsu da ba a yaye ba. Ya ce in aka kai shi gaban alƙali zai rantse, don shi a zuciyarsa bai tuna ya faɗa ba. Bai ce in yi ƙarya ba, ko sau ɗaya bai faɗa ba. Abin da ya ce shi ne, "Ke ma fa mutum ce, ga hayaniyar Sallah, ga ƙarar mai a kasko, ga shekaru. Kin tabbata?" Da zai fita ya tsaya bakin ƙofa yana neman takalminsa. Ya ce, "Ina son matata." Ban taɓa jin ya faɗi irin wannan kalma ba tunda nake.

Matsalar ita ce na tabbata. Na yi ta juya ranar a kaina ko zan samu wata kafa, wata shakka komai ƙanƙantarta da zan rataya a kai, ban samu ba. Har yadda ya ja sunanta kafin ya faɗa ina ji. Kuma da ya zauna gabana labarinsa ya canza sau biyu, da wani ne a layin aikina da tuni na rubuta masa cewa wannan ba zai tsaya ba.

Na san shaidata ni kaɗai ba lallai ta isa a gaban alƙali ba. Amma ba alƙali ne ke jirana ba, Anti Hajara ce, kuma ita maganata ta ishe ta. In na ce na ji, za ta tafi, babu kome sai ta auri wani, yara huɗu su rabu da uwa ko su rabu da uba, Inna ta rasa mai kama ta, Yayana ko dai ya amsa ya rasa matarsa da mutuncinsa, ko ya dage har ya ɗora hannu kan Alƙur'ani a kan abin da na san ya faru, kuma ni na kai shi wurin. In na ce ban ji ba, kowa zai ji daɗi, har ita, za ta koma ɗakinta da zuciya ɗaya, yara su tashi gaban iyayensu, ni kuma in riƙa zuwa suna da Sallah ina kallonsu na san abin da na sani, in ta sake haihuwa ni za a miƙo wa jaririn. In kuma na ci gaba da shiru, shirun ma amsa ce, don ba za ta dawwama a ɗakin Inna ba.

Ban gaya wa mijina ba, sirrin wadda ta zo mini ta hanyar aiki ne, ku ma sai da ta yarda. Yana ganin ina cin abinci, ina wanka, ina buɗe kwamfuta da safe kamar kullum, ya ɗauka lafiya. Ni ma na so a ce ina kuka ko ina kasa barci, da na san zuciyata na nuna mini wani ɓangare. Ba abin da nake ji. Na yi istihara, na tashi kamar yadda na kwanta. Jiya na yi wa mutum uku rajista, na ba wata shawara kan rabon gida, duk daidai, ba kuskure.

Shekaranjiya Inna ta kira ni tana murna, ta ce ƙafa ta yi sauƙi har ta taka zuwa gidan maƙwabta, ta ce ta faɗa wa Hajara ta koma ɗakin mijinta haka nan, ta gode, kar a shiga haƙƙin Sani. Da yamma saƙo ya shigo layin aiki daga waccan lambar. Ba ta kira ni da sunan da take kirana a gida ba. Ta rubuta, Barista, in koma?

Har yanzu ban amsa ba. Malamai da ke cikin zauren nan, shin akwai wata hanya ta gaskiya da ban sani ba, wadda ba sai an rusa gidan ba? In akwai don Allah ku nuna mini ita da hujja, ba don a kwantar mini da hankali ba. Lauyoyi 'yan'uwana, in kun janye daga aikin mutum amma kuka zama ku ne shaidarsa, ya kuke yi? Iyaye mata, in ku ne Inna, za ku so a gaya muku ko a bar ku? In fara zuwa wurin Yayana in ce masa zan faɗa, in ba shi dama ya faɗa da bakinsa, ko in amsa mata kai tsaye tunda ita ta tambaya? Kar ku ce in yi haƙuri in bar wa Allah, na bar masa, amma matar nan tana jiran kalma ɗaya daga gare ni, ko ki koma ko kar ki koma. Wacce zan rubuta mata?